Na Amsa Sunan Hilal

Talata, 4 ga Nuwamba, bayan Asuba

Na sake zuwa tashar jirage. Wurin da Hilal yake ɗaure jirginsa yana nan babu komai, igiyar gaba tana lilo a cikin ruwa. Jiya wani ya so ya sa nasa jirgin a wurin, masu tasha suka hana shi tun kafin in buɗe baki.

Ranar Alhamis ɗana Hilal ya fita tare da Badar, ɗan aminina Sangur, su dubo inda kifin kanad yake kiwo bana, saboda gasar da za a fara ranar Asabar. Sun ce za su dawo kafin La'asar. Uwarsa Shamsa ta rufe musu abinci ta ajiye. Wani mai jirgi daga ƙauyen Kumzar ya ce ya hango su can arewa suna bin tsuntsaye, sai ga wani jirgin sintiri mai launin toka ya taso daga ƙasar da ke ƙetaren teku ya tsaya a gefensu. Daga nan jiragen biyu suka tafi tare, ba ta wajenmu ba.

Iyakar abin da muka sani ke nan. Suna da rai, in ji mutumin ofishin gwamnati. Ana magana, in ji shi.

Ni ba mai rubutu ba ne. Amma in na fara faɗa wa Shamsa abin da ke raina sai ta tashi ta shiga kicin, in na faɗa wa Sangur sai ya zage ni.

Laraba, 5 ga Nuwamba, da hantsi

Ofis. An ba mu gahawa da dabino. Ana magana.

Alhamis, 6 ga Nuwamba, bayan La'asar

Sangur ya zo ya same ni a ƙofar gida, ko zama bai yi ba.

"Abu Hilal, tashi. Dokar gasa ta ce duk wanda bai fita Asabar ɗaya ba, an soke sunansa. Ta kuma ce ɗan gida zai iya fita a madadin mutum. Ni da kai 'yan gida ne ko baƙi?"

Na ce, "Da wane jirgin?"

"Da nawa mana."

"Wannan kwandon? Injinsa ya girmi Badar."

Ya ce, "Ya girme shi, kuma bai taɓa kai kowa ƙetare ba."

Maganar tana fita ya yi nadamarta, na gani a fuskarsa. Muka koma kallon akuyar maƙwabta tana cin kwali.

Tun da gwiwata ta lalace na bar teku, na bar wa Hilal komai, har sandunan fatsa. Shi ya sayi jirgi mai injuna biyu da na'urar da ke nuna kifi a ƙasan ruwa. Bara ya zo na uku. Duk bazarar nan ba shi da zance sai gasar bana.

Da na faɗa wa Shamsa tana tsince shinkafa, ba ta ɗago ba. Ta ce, "Darwish, ɗaya bai ishi teku ba, sai ka kai mata na biyu?"

Na ce ba nisa za mu yi ba.

Ta ce, "Haka shi ma ya ce."

Asabar, 8 ga Nuwamba, bayan Magariba

Mun fita.

Na manta yadda tasha take a safiyar gasa: fitilu, warin fetur, yara masu sababbin jirage suna ɗaukar kansu hoto. Kafin a sallami jirage mai lasifika yakan kira sunaye, kowa ya amsa daga jirginsa. Ban shirya wa wannan ba. Ina ɗaure waya a bakin ƙugiya, don haƙoran kanad ba sa barin zare, sai na ji an ce, "Hilal bin Darwish da Badar bin Sangur."

Tashar ta yi tsit. Hatta injuna kamar sun rage murya. Sangur ya zungure ni da gwiwar hannu.

Na ce, "Na'am."

Muryata ba ta fita ba. Na sake cewa, "Na'am!"

Mai lasifika ya ɗan jira, sannan ya kira na gaba.

Injin Sangur ya yi tari sau da yawa kafin ya kama. Duk jiragen suka wuce mu, igiyar ruwansu tana jijjiga mu kamar buhuna. Ya ɗaga musu hannu yana cewa, "Ku je, ku je, ku kore mana kifin ya dawo nan!"

Muka ja koto a bayan jirgi daga bakin dutse har wajen tsibiri, muka dawo, muka koma. Guda ɗaya muka samu, kilo bakwai. A wurin sikeli wani yaro ya ce, "Baffa, wannan koto ne ko kamu?" Sangur ya ce, "Tambayi ubanka, ni na koya masa ninƙaya yana kuka." Aka yi dariya. Ni ma na yi, daga baya na ji kunya.

An rubuta kilo bakwai a gaban sunan Hilal. In ya gani zai ce mun zubar masa da mutunci.

Lahadi, 9 ga Nuwamba, da hantsi

Gwiwa ta kumbura. Shamsa ta shafa mini mai. Ta dafa kifin, ba ta ci ba.

Talata, 11 ga Nuwamba, bayan Azahar

Ana magana.

Laraba, 12 ga Nuwamba, bayan La'asar

Na shiga ɗakinsa neman ƙugiyoyi. Farar rigarsa ta Juma'a tana rataye, an goge ta. Na san ba shi ya goge ba. Ƙamshin turarensa yana nan a jikin tuntun wuyan rigar, wannan zaren da yake lilo a ƙirji, wanda yakan tsoma a turare har uwarsa ta ce ya cika gida.

Na samu ƙugiyoyin a cikin gwangwanin alewa. Ya ɗaure wayoyin tun tuni, ya jera su bisa girma. Ɗaurinsa ba irin nawa ba ne. Ni na koya masa, amma ya ƙara wani murɗi a ƙarshe wanda ban san inda ya samo ba. Na zauna a bakin gado ina ƙoƙarin gane shi har aka kira sallah.

Asabar, 15 ga Nuwamba, bayan Magariba

"Na'am." Yau ta fita da sauƙi, kuma ban ji daɗin hakan ba.

Iskar arewa ta kwana tana kaɗawa, teku ta tashi. Ni da na yi rayuwata a kanta, yau na yi amai a gefen jirgi kamar baƙo daga Nizwa da bai taɓa hawa teku ba. Sangur ya ce zai faɗa wa duk garinmu Khasab. Na ce in ya faɗa zan faɗi ranar da ya kamo igiyar angarsa ya yi ta fama da ita yana kiran sunan Allah.

Wajen Azahar iska ta kwanta, sararin sama ya wanke tas. Sai ga su. Duwatsun ƙetare, shuɗi-shuɗi, kwance a bakin ruwa. Sau da yawa na gan su a rayuwata, ban taɓa kallonsu ba.

Ban ce wa Sangur ya juya arewa ba, shi ma bai ce zai juya ba. Kawai dai jirgin ya yi ta tafiya. Kotonmu yana bayanmu ba mai duba shi. Muka yi ta tafiya har 'yar na'urar da ya ɗaura da salatif ta fara ƙara, alamar mun kusa layin iyaka. Ya kashe inji.

Ya miƙe tsaye, ya sa hannuwa a baki, ya yi ihu: "Badar! Ɗan banza! Uwarka ta hana ni barci!"

Ruwa kawai yake bugun jirgi. Ya zauna ya juya mini baya, ya daɗe yana gyaran rawaninsa.

Ni ban kira ba. Na ji tsoron in kira a ƙi amsawa.

Ba mu kama komai ba. Mun dai fita, ba a soke suna ba.

Lahadi, 16 ga Nuwamba, bayan Asuba

Shamsa ta kawo mini shayi, ta tsaya. Ta ce, "An ce jiya an hango can."

Na ce an hango.

"Yaya yake?"

"Duwatsu ne, irin namu."

Ta ce, "To, akwai sanyi ke nan da safe." Ta fita.

Talata, 18 ga Nuwamba, da hantsi

Ana magana, kuma maganar ta yi nisa, in ji shi. Yau na ci dabinon.

Laraba, 19 ga Nuwamba, bayan La'asar

An kira mu ni da Sangur. Mutumin ofis ya miƙe ya tarbe mu, abin da bai saba ba. Ya kalli Sangur ya ce akwai albishir. Sannan ya kalli takardun gabansa.

Badar zai dawo gobe.

Hilal shi ne mai jirgi, shi ke riƙe da sitiyari. Nasa daban ne.

Na rungumi Sangur na ce masa barka. Na faɗa da gaske. Ya ƙi barin fuskarsa ta yi murna a gabana, har na ce masa, "Kai, yi dariyarka, kada ka fashe."

Na dawo gida a ƙafa. Ban so a rage mini hanya ba.

Alhamis, 20 ga Nuwamba, bayan Magariba

Ana guɗa a gidan Sangur. Daga tsakar gidanmu ana ji. Shamsa ta sa mayafinta ta tafi da tiren alewa, ta yi duk abin da ya kamata, ta dawo ta kwanta da rana.

Juma'a, 21 ga Nuwamba, bayan sallar Juma'a

Badar ya zo da kansa. Ya rame, an aske masa kai. Ya sumbaci kaina, ya sumbaci kan Shamsa, ya zauna a ƙasa ya ƙi hawa kujera.

Ya ce, "Baffa, lafiyarsa lau. Wallahi lafiyarsa lau."

Shamsa ta ce, "Yana cin abinci?"

"Yana ci, Inna. Yana ta ƙorafi cewa ba su iya shinkafa ba."

"Bargo fa?"

Ya ce, "Na bar masa nawa."

Na tambaye shi yadda aka yi. Ya ce kifi ne ya taso, irin wanda ba su taɓa gani ba, ruwa yana tafasa, tsuntsaye kamar hadari. Ba wanda ya duba na'ura. Da na tambaye shi abin da ya biyo baya, sai ya ɗauki finjalin gahawa ya yi ta juya shi. Ban sake tambaya ba.

Ya ce duk ranar Asabar Hilal yakan tashi da wuri ya zauna ya jingina da bango ya ce, "Yanzu ana kiran suna. Shi ke nan, an soke mu."

Na ce, "Ba a soke ba."

Badar ya ce ubansa ya faɗa masa. Ya rufe fuska da hannu. Ya ce, "Ina ma ya sani."

Shamsa ta zuba masa abinci. Na zauna ina kallon yaron nan yana ci, yaron da na ɗauka a kafaɗa, sai na kasa jure kallonsa. Allah ya yafe mini. Na tashi na ce zan duba mota.

Asabar, 22 ga Nuwamba, bayan Magariba

Na tafi tasha ina tsammanin zan amsa suna ne daga kan dakali in dawo. Me zai fito da Sangur? Nasa yana gida yana barci.

Na same shi a cikin jirgi yana zagin inji.

Na ce, "Abu Badar, ɗanka ya dawo."

Ya ce, "Ɗaya ya dawo. Biyu suka fita. Miƙo mini ƙanƙarar nan, ka tsaya kamar sandar fitila."

Mun yi amfani da ƙugiyoyin Hilal. Da hantsi wani ya ɗauka a bakin dutse, zare ya yi kuka, hannuwana suka tuna abin da kaina ya manta. Kilo goma sha tara. Mun hau na shida. Na farko yana da ashirin da tara, wani yaro ne daga garin Bukha mai ladabi, ya zo har jirginmu ya gaishe mu.

A hanyar dawowa na kama kaina ina shirya yadda zan ba Hilal labarin, inda zan ƙara gishiri, inda zai ce, "Baba, ƙarya haramun ce."

Litinin, 24 ga Nuwamba, bayan Azahar

Babu labari.

Talata, 25 ga Nuwamba, bayan La'asar

Da safe Shamsa ta ce, "Ka ce wa Abu Badar ya kai ni."

Na ce ina?

Ta ce, "Inda kuka tsaya."

Matar nan rabonta da jirgin ruwa tun ranar da aka kawo ta daga ƙauyen Lima tana amarya, ta rantse ba ta ƙarawa. Sangur ya wanke jirgi, ya shimfiɗa darduma, bai yi zagi ko ɗaya ba har muka fita, abin har ya ba ni tsoro.

Yau hazo ne a kan ruwa, fari fat. Da na'ura ta yi ƙara ya kashe inji. Ba a ganin komai, sama da ruwa sun haɗe.

Ta ce, "Ta ina ne?"

Na nuna mata.

Ta gyara zama ta fuskanci wajen. Ta daɗe. Sannan ta buɗe jakarta ta fito da filas, ta zuba mana shayi mai kayan ƙamshi, ta zuba nata ta riƙe bai taɓa bakinta ba. Ta ce, "Kusa ne ashe."

Sangur ya ce, "Kusa ne, Ummu Hilal."

Ta ce, "Da na ɗauka nesa ne. Da ya fi mini sauƙi."

Alhamis, 27 ga Nuwamba, da hantsi

Mutumin ofis ya ce wataƙila a bar shi ya kira gida. Ba a san rana ba, ba a san lokaci ba, kuma ba zai daɗe ba. Lambata suka bayar.

Na sa wayar a leda na sa a aljihun ƙirji. Da ita nake alwala, da ita nake sallah. Na ƙure mata ƙara har limamin ya harare ni da Sangur ya kira ni ana tahiya.

Ina ta shirya abin da zan ce. In tambayi lafiyarsa tukuna. In ce uwarsa tana nan lafiya, ko da ba haka ba ne. In ce kada ya damu da jirgi. Akwai kuma wata magana da uba ba ya faɗa wa ɗansa namiji a garin nan, ina so in faɗa.

Juma'a, 28 ga Nuwamba, bayan La'asar

Ba a kira ba. Na ce wa Shamsa gobe zan bar mata wayar. Ta ce a'a, in ya ji muryarta zai yi kuka a gaban mutane, ba ta so su ga haka. Ta ce in tafi da ita.

Asabar, 29 ga Nuwamba, bayan Magariba

Zan rubuta shi a jere don kada in manta komai.

Yau ce ranar ƙarshe. Badar ya biyo mu. Da aka kira suna shi ya riga ni amsawa, sannan ya kalle ni kamar ya yi laifi. Na ce masa sunansa ne ai.

Har Azahar ba mu ji ko motsi ba. Doka ita ce kifi ya hau sikeli kafin ƙarfe huɗu. Wajen ƙarfe biyu muna bayan tsibiri, Sangur yana cewa mu naɗe mu tafi, sai sandar dama ta lanƙwasa har bakinta ya taɓa ruwa. Abin naɗin zare ya saki wata irin ƙara da ban taɓa ji ba. Na cafke sandar. Ya ja, ya ja, kamar an ɗaura zaren a bayan mota.

A daidai nan ƙirjina ya fara ƙara.

Na ce, "Badar! Aljihu! Aljihu!"

Ya zaro ta, ya kasa buɗe ledar, ya yage ta da haƙori. Ya danna ya buɗe murya ya kawo ta kusa da fuskata.

"Baba?"

Na zauna a kan akwatin ƙanƙara. Duk abin da na shirya ya gudu. Na ce, "Hilal." Na sake cewa, "Hilal."

Ya ce, "Baba, lafiya lau nake, ka ce wa Inna..." Sai ya tsaya. "Wannan wace ƙara ce? Baba, kana ina?"

Sangur ya yi ihu daga baya: "Yana teku, ɗan banza, yana kama maka kifi!"

"Gasar? Ba a soke ba?"

Badar ya ce, "Ba a soke ba! Muna na shida!"

Na ji ya ja numfashi. Sai muryarsa ta canja, ta koma irin ta cikin jirgi. "Zare nawa ya rage?"

Na ce, "Bar kifin nan, ɗana, bari in miƙa wa Badar, in..."

"Kada ka miƙa! Zai yi sako-sako ya zare. Nawa ya rage?"

"Kamar kashi ɗaya cikin uku."

"Baffa Sangur, bi shi! A hankali, kada ka hau kan zaren. Baba, ɗaga sanda. Kada ka ƙara matsi, na san ka, yanzu hannunka yana kan maɓallin, cire shi."

Hannuna yana kan maɓallin. Na cire.

"Zai juyo. In ya juyo ya nufo ku, naɗa da sauri, kada ka tsaya numfashi."

Ya juyo kuwa. Zare ya yi laushi, na yi ta naɗawa kamar mahaukaci, Hilal yana cewa, "Naɗa, naɗa, naɗa, yauwa Baba, yauwa!" Bayansa ina jin wasu muryoyi suna hayaniya da wani yare, kamar su ma sun taru suna saurare. Kifin ya wuce ta ƙarƙashinmu, na ga gefensa ya haska kamar ƙofar azurfa.

Badar ya ce, "Ya Salam! Hilal, ya fi talatin!"

"Wace ƙugiya ce, tawa? To ba za ta ba ku kunya ba. Baba, zai fara zagaye yanzu. Ka bar shi ya zagaya, in ya zo na..."

Shiru.

Badar ya kalli wayar. Ya ce, "Ta yanke, Baffa."

Mun ɗaga shi bayan haka, Badar ya sa masa babbar ƙugiya, su biyu suka jawo shi. Ya kwanta daga wannan gefen jirgi zuwa wancan. Sangur ya duba agogo ya ce in muka tashi yanzu za mu isa da ɗan saura. Ya kai hannu zai ja inji.

Na ce, "Tsaya."

Injin nan in yana aiki ko ihun mutum ba a ji. Kuma a nan ne wayar ta kama, wa ya san ko bayan dutse za ta kama? Yaron bai gama maganarsa ba. Ni kuma ban fara tawa ba.

Sangur ya kalli kifin, ya kalle ni. Ya janye hannunsa, ya zauna, ya ce wa Badar, "Rufa masa buhu, rana za ta ɓata shi."

Muka zauna, wayar tana kan tafin hannuna. Ruwa ya yi ta janmu a hankali. Muka ga jirage suna wucewa ɗaya bayan ɗaya sun nufi tasha. Ba wanda ya sake duba agogo. Sai da rana ta taɓa duwatsu na mayar da ita aljihu.

Mun iso an gama, ana naɗe tuta. Yaron Bukha ya ci. Mai sayen kifi ya ɗora mana shi a sikelinsa: kilo talatin da huɗu. Mutane suka taru, aka yi ta salati. Wani ya ce a je a roƙi alƙalai. Na ce a'a, doka doka ce.

Shamsa ta sa na maimaita mata kowace kalma, har da "naɗa, naɗa". Ta ce, "Muryarsa da ƙarfi?" Na ce har ya yi mini faɗa. Ta ce, "Alhamdulillahi." Ta ci abinci.

Lahadi, 30 ga Nuwamba, bayan Azahar

An yanka kifin an raba wa unguwa. Ba a sake kira ba.

Asabar, 6 ga Disamba, bayan Asuba

Na farka na sa kaya kafin in tuna an gama. Ba inda za a kira sunansa yau.

Laraba, 10 ga Disamba, da hantsi

Ana magana.

Talata, 16 ga Disamba, bayan La'asar

Alhamis, in sha Allah. Shi kaɗai, ban da jirgi. Na ce su riƙe jirgin su jiƙa su sha.

Ban yarda ba tukuna. Shamsa ta yarda, ta tayar da gidan duka.

Alhamis, 18 ga Disamba, bayan Magariba

Yana ɗakinsa yana barci. Na leƙa sau da yawa.

Ya sauko daga jirgin Maskat da leda ɗaya a hannu. Rigar da suka ba shi ta yi masa yawa. Uwarsa ta riƙe shi ta ƙi saki har ma'aikata suka zagaye su suka wuce. Da ya zo kaina ya sunkuya zai sumbaci hannuna, na jawo shi. Ƙasusuwan bayansa suna taɓuwa. Na faɗa masa maganar nan a kunne. Ya ƙara riƙe ni.

A mota bai yi magana ba. Da muka biyo ta bakin teku ya juya fuskarsa wajen duwatsu. Sangur yana tuƙi. Na fara jin tsoron wane ne aka dawo mana da shi.

A gida aka shimfiɗa gasasshen kanad da shinkafa mai lemo. Ya ci loma biyu ya tsaya, ya zuba wa tiren ido. Can ya ce, ba tare da ya ɗago ba, "Baba, kifin nan. Ya hau jirgi?"

Na ce, "Ya hau."

"Nawa?"

"Talatin da huɗu."

Ya ɗago. "Na farko fa?"

Badar ya ce, "Ashirin da tara."

Ya ajiye lomar. Idonsa ya fara yawo a bangon falo yana neman kofi. "To ina yake?"

Sangur ya share hannunsa ya ce, "Tambayi ubanka. Mun zauna a tsakiyar teku kamar masu zaman makoki, da kifi a ƙafarmu, yana jiran ka sake kira, har aka rufe sikeli."

Hilal ya kalle ni. Ya ce, "A'a."

Na ce, "Ai ba ka gama magana ba."

"Baba! Talatin da huɗu! Cewa zan yi ka sa masa ƙugiya a kafaɗa, shi ke nan maganar! Baffa, kai ma ka biye masa? Kuna da inji, kuna da lokaci! Mutanen ɗakinmu sun yi kwana da kwanaki suna gardama a kan kifin nan, na rantse musu ubana ba ya sakin kamu, ashe sikeli ya saki!"

Ya miƙe a kan gwiwoyi yana nuna ni da hannu mai maiƙo, jijiyar wuyansa ta tashi, muryarsa ta cika gidan har tsakar gida. Shamsa ta sa bakin mayafi ta rufe fuska, kafaɗunta suna rawa.

Ni kuwa na jingina da bango na ce, "Ci gaba, ɗana. Ina jin ka."